Maiƙon da Na Ce Yana Jininta

Shekaru sun ja, ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Wasu na ji da kunnena, wasu wataƙila zuciyata ce ta cike gurbinsu.

Ina malamin elementare a Karaye, zamanin Turawa, matata tana da cikin fari wata bakwai. Wata likita Baturiya ta zo zagaye ɗakin maganin garin, aka sa ni tafinta saboda ɗan Turancin da nake ji. Ta ɗebi jinin masu ciki a 'yan kwalabe. Da jinin ya kwanta, saman na matata ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Likitar ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta yi magana da sauri. Kalma ɗaya na kama sosai: maiƙo. Ban ce ta maimaita ba, kada a ce malam bai ji ba.

Innata, wadda ta rako matata, ta ce, "Kai, me ta ce?"

"Wai jininta ya yi maiƙo."

"Ai na faɗa! A zauna ana lasar man shanu, ɗa ya yi ƙiba, ta ina zai fito?"

Aka kai matata goyon ciki gidansu a Jajaye, can wajen Rogo, tare da maganata. Aka hana ta mai, aka hana ta gyaɗa, har ƙuli-ƙuli. Da na je dubiya, na tarar wuyanta ya yi tsawo.

"Malam," ta ce da ni a zaure, "ka tabbata abin da matar nan ta ce ke nan? Ni dai na ga tana murmushi."

Ban tabbata ba. Amma da wane baki zan gaya wa surukata, wadda ko ido ba ma haɗawa, cewa Turancin ne ya kuɓuce mini? Na ce ta yi haƙuri.

Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, kukanta da ƙyar ake ji. Har aka yi arba'in, duk mai keken da ya shigo daga Rogo sai gabana ya faɗi, kada a ce mummunan labari ya kawo. Ta rayu, amma ta daɗe ba ta yi ƙwari ba.

Sai bayan shekaru, da na shiga jami'a, na karanta cewa maiƙon jini yakan ƙaru a ƙarshen ciki, kuma galibi ba cuta ba ne. Ba zan ce hanin ne ya ƙanƙantar da yarinyar ba. Ban sani ba. Idan akwai wanda yake ɗakin maganin ranar, ya kuma ji sauran maganar likitar, don Allah ya aiko mini da gyara, ko da ba zai yi mini daɗi ba.