Ragar da muka yanka a Cheras

Na shiga ƙungiyar kare tafkin ne don ita kaɗai ke ba ni dalilin fita daga gida a shekara ta biyu ta annobar da ta sa aka kulle gari. Tafkin tsohon ramin haƙar kuza ne a bayan benayen Cheras, unguwar da muke zaune a ƙasar waje. Kowace Asabar muna tsamo robobi, muna auna ruwa, muna cire ragar masu kamun kifin ɓoye. Shugabarmu tsohuwar malamar makaranta ce, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma janye magana.

A hawa na tara na benenmu akwai wani mutumin Baga da ke karatun digiri na uku, da mata da 'ya'ya uku. An rufe gidan abincin da yake wanke-wanke. Sai ya sayi zaren leda ya saƙa raga da hannunsa, irin saƙar mahaifinsa. Karfasar da yake kamawa ita ce miyar gidan. Na san inda yake kafa ragar, domin sau biyu ya aiko mini da soyayyen kifi.

Da shugabar ta tambaya ko wani ya ga sabuwar raga, na nuna wurin. Ba wanda ya matsa mini.

Muna jawo ta sai ga mutumin Bagan, takunkumin fuskarsa a haɓa, ya yi mini magana da Hausa.

"Malam, kai ma da kai? Har da safar hannu!" Ya yi dariya. "To gaya wa Hajiyar, kifin nan ba na kowa ba ne."

Na gaya mata. Ta ce ruwan yana da guba daga magudanun unguwa, ragar kuma tana kashe kunkuru. Duka gaskiya ne, ni da kaina na auna ruwan.

"Ce mata yarana wata huɗu suna ci, ko ciwon ciki ba su yi ba. Ta bar mini na yau kawai."

Wannan ban fassara shi duka ba. Na ce yana son kifin.

"Tak boleh," in ji ta da yaren ƙasar, wato ba zai yiwu ba. Ta miƙo mini almakashi.

Saƙar ta yi kyau, ƙullin ya ƙi yankuwa, sai da na sa ƙarfi. Yana tsaye yana kallon hannuna. Kifin da ya mutu aka zuba a rami, aka barbaɗa farar ƙasa, aka rufe. Wata ɗaliba ta ce mu matso a ɗauki hoto da ragar. Ta roƙe shi ya ɗan kauce, yana shiga hoton. Ya kauce.

Ranar Laraba na ɗaga kai daga wajen ajiye motoci. A tagar hawa na tara an rataye farin ƙyalle, alamar da gidajen da abinci ya ƙare musu suke sawa a wancan lokacin. Hannun rigar sallar mutumin Bagan ne, an yage shi daga kafaɗa.