Hannun Garma da Madubin Kawu

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a ƙarshen kaka, an gama cirar gyaɗa, ina aji biyar na firamare. Na kinkimo ƙafafun madubin duba taurari na Kawu Lawal daga ɗakinsa, na kafa su a bayan gida, inda ake hango dogon ƙarfen sabis na bakin titi. Gumi na bin wuyana, ina jiran a ce mini sannu. Kawu ya ɗora mazaunin madubin a kan ƙafafun, ya buɗe wani tsohon gwangwanin man zafi, ya zaro ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da makanikai ke kira alanki, siriri kamar tsinken tsintsiya. Na goge tafina a wando, na miƙa hannu. Sai ya tsallake ni ya miƙa wa Murja. Har yau ina tuna yadda hannun nan nawa ya tsaya a iska, na rasa inda zan kai shi, daga ƙarshe na sosa ƙeya da shi.

Daga Kunduru aka kawo ni gidan Kawu a Kankia don karatu, shekara biyu kafin wannan rana. Yayan mahaifiyata ne, malamin sakandare, kuma a gidan nan ni ne komai. Ni ke ɗebo ruwa kafin a tafi makaranta, ni ke zuba wa tumaki harawa, ni ke yi wa matarsa, da muke kira Umma, faskare. In keken Kawu ya fara ƙara, ni ke bin sa da sifana. Ƙarfi ne abin taƙamata, a filin langa ma ba kowa ke yarda ya yi karo da ni ba. A gida na gaji wannan hali. Tun ina jan akalar shanun huɗa nake ganin mahaifina, kowace safiya sai ya bi notin garma ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure tamau, yana cewa, "Mai raggon ɗauri shi ka yini neman noti cikin huɗa." Na taso da sanin cewa duk abin da ya yi sako-sako, aikin malalaci ne.

Murja kuwa ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ce, daga Yashe aka kawo ta bayan ƙaramar Sallah. Siririya ce, ba ta da surutu, ko tulu sai an taya ta ɗauka. Na raɗa mata suna Sauro, ba ta ko tanka. Amma ta iya ɗinkin hula, ita ke zura wa Umma zare a allura, in kuma ta zauna carafke da 'yan matan unguwa dutse ba ya faɗuwa a hannunta. Da farko ban ɗauke ta a bakin komai ba. Sai da na ga ƙanzon tuwon da Umma ke ajiye mini ya fara rabuwa biyu, sannan na fara kallonta ta gefen ido.

Madubin nan wani tsohon malaminsa ne ya bar wa Kawu, mutanen unguwa suna kiransa bindigar taurari. Dattawan masallaci kan tsokane shi, su ce in azumi ya matso ya leƙo musu wata tun da wuri. Da shi Kawu ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, da ramukan da ke fuskar wata, da wata duniya mai zobe. Ya taɓa gaya mini cewa taurarin sama duk kewaya turke ɗaya suke yi, kamar jakin da aka ɗaure, kuma tauraron arewa yana daf da turken. A wajenmu ƙasa-ƙasa yake, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari sama da bakin ƙasa, shi ya sa in dawa ta yi tsayi ba a ganinsa sai an fita fili. In mazaunin madubi ya fuskanci turken daidai, duk tauraron da ka kama ba zai tsere maka ba, da murɗa abu ɗaya za ka yi ta bin sa. A cikin mazaunin akwai wani ƙaramin madubi da Kawu ke kira ɗan leƙe, da shi ake saita tauraron arewa. A cikinsa akwai gilashi kamar girman kwabo, mai zanen layi biyu da suka gicciye juna, noti uku ƙanana kamar ƙwayar dawa ne ke riƙe da shi.

Ɗan leƙen ne ya karkace, kuma a ran Asabar ɗin nan Kawu ya gayyaci ɗalibansa kallon taurari bayan Magariba. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda an makara, a fafe shi da rana. Aikin ba shi da wuyar ganewa, ni ma na gane shi sarai. Za a ɗora mahaɗar layukan a kan tsinin ƙarfen sabis, a juya mazaunin rabin zagaye. In tsinin ya kauce daga mahaɗar, to gilashin bai zauna a tsakiya ba. Sai a ɗan sassauta noti ɗaya, a ɗan matsa na gefensa, a dawo da layin rabin tazarar da ya kauce, rabi kawai, a sake juyawa. Kawu na leƙe yana faɗa, Murja na murɗawa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ni kuma an ba ni faifai in tare musu rana.

Da na ga abin na neman wucewa ba ni, sai na ce, "Kawu, a ba ni in gwada mana. Ai ni ke ɗaure maka keke."

Bai ko ɗago ido daga madubin ba ya ce, "Kai dai riƙe faifanka, Mannir. Hannunka na garma ne."

Da dariya ya faɗa, na sani, amma ni ta soke ni. Shekara biyu ina dakon ƙafafun nan a kafaɗa, ban taɓa ƙorafi ba, ga shi yarinyar da ko sunan taurari uku ba ta sani ba ta zo ta haye kaina. Da suka gama, ya juya mazaunin sau uku tsinin bai motsa ba, ya dafa kanta ya ce yau ita za ta fara leƙawa kafin ɗalibai. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kishi ne ya cika ni, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Bayan Azahar gida ya yi tsit. An ajiye mazaunin a zaure an lulluɓe shi da zane, gwangwanin na kan taga. Ban shiga da niyyar ɓarna ba, Allah ne shaidata, na shiga neman laifinta ne. Na sa alankin a noti na farko, na ɗan taɓa, sai na ji ya juya. Na biyu ma haka. Daɗi ya kama ni. Ashe Sauro ba ta ma ɗaure ba! Na riga na hango kaina ina gaya wa Kawu cewa ba don ni ba da notinsa sun zube a hanyar gona. Na gyara tsayuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mahaifina ke bin garma. A na uku na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an fasa ɓawon gyaɗa. Na mayar da alankin, na rufe zanen, na fita wajen tumaki.

Bayan La'asar Kawu ya ce a sake dubawa kafin a tafi. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Gilashin ya tsage daga gefe har kusa da tsakiya, layukan kuma sun gudu daga inda aka bar su. Murja ta leƙa ta fashe da kuka, tana cewa ita ce, wataƙila ta matsa da yawa ba ta sani ba. Umma ta fito daga madafi tana cewa ai sai da ta ce kada a ba yaro abin da ba a samun irinsa a kasuwa. Ban ce ni ne ba. Kuma tunda gaskiya na zauna faɗa, na ɗan lokaci kukan nan nata ya yi mini daɗi.

Kawu ya sa alankin zai kwance notin, ya ƙi motsi. Sai da ya cije leɓe, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, sannan ya saki. Ya dubi siraran yatsun Murja, ya juyo ya dubi nawa, ya ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Wanga ɗauri ba naki ba ne." Na jira bulala, wallahi da ya zane ni da na fi samun sauƙi. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ɗauko ƙafafun, mu tahi."

A wata gonar gyaɗa da aka cire muka kafa, arewa da gari. Tauraron arewa ya fito tas, amma saitin ya riga ya lalace. Duk abin da Kawu ya kamo wa ɗalibansa, kafin mutum uku su leƙa ya sulale, sai ya sake farauto shi. Yaran suka fara hira, wasu suka zame gida. Ina tsaye a gefe ina kallon yadda ya duƙa yana ta ba su haƙuri. A hanyar komawa ya tambaye ni dalili, na ce sako-sako na same su. Sai ya ce notin garma da ƙasa yake kokawa, wannan kuwa gilashi yake riƙo, kuma ba a yi wa ƙwai riƙon ƙota.

Hukuncina sai Asabar ta gaba ya zo. Ya miƙa wa Murja alankin, ya ce ta koya mini, shi kuma ya koma inuwa da rediyonsa. Ni, ɗan aji biyar, gwanin langa, na durƙusa ƙanwata na riƙe da yatsuna tana cewa, "Yaya, a hankali. Rabi, rabi." Na yi kwana uku ba na yi mata magana. Amma da tsagaggen gilashin nan muka mayar da layukan tsakiya, kuma da shi muka ci gaba da saita tauraron arewa har na gama sakandare, don Kawu bai taɓa sauya shi ba.

Yanzu na ga matasa na ɗaga waya sama ta faɗa musu sunan kowane tauraro, ta nuna musu arewa ba tare da sun yi gumi ba. Gonar gyaɗar nan ta zama gidaje, in an kunna fitilu da ƙyar ake tsinto tauraron. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tun kafin ya kwanta ciwo ya ba Murja madubin, tana koyarwa a wajen Kusada, ta kan fitar wa ɗalibanta shi in an yi kaka. Da na ji labarin, na yi mata murna da baki, a zuci kuwa sai da tsohon abin nan ya motsa, da gemuna da komai. In na je gaishe ta har yanzu ni ke ɗaukar ƙafafun, ba ta ma tambaya, kuma da zan sake jin muryar Kawu tana cewa in ɗauko su, da ban ƙara neman alanki ba. Na kan duƙa in leƙa ta ɗan leƙen, in ga tauraron arewa can ƙasa, tsagar na kwance a gefensa. Ita Kawu ya bar wa madubin, ni kuwa tsagar ce rabona.