Maganar Italiya da na ɗauko a Jiratawa

Mun bar Maraɗi ana kiran assalatu, ni da ƙawata, jaki ɗaya tsakaninmu. Ita ta hau, don ni ƙafata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Neman ɗana ne ya fito da ni. Tun da ya bi wani magini ɗan Italiya zuwa Tarabulus, ban ji ko yana raye ba. Sai aka ce mini wani ya dawo daga can, yana Tibiri.

Hanyar Tibiri duk yashi ce, motocin gyaɗa na ta kora mu cikin ƙaya. A bakin kasuwa muka sha fura, ruwa tsululu, tsada kuwa kamar da zuma aka dama ta. Da muka tambaya, aka ce ai mutumin ya koma garkarsa a Jiratawa. Haka muka juyo, muka ratsa Maraɗi ta ƙofar gidana. Ƙawata ta ce mu shiga mu huta. Na ƙi, don a gidanmu wanda ya fita nema ba ya komawa ɗaki sai ya samo, in ya shiga ya karya tafiyar.

Jiratawa kore shar, albasa da taba, jigo na kuka ta ko'ina. Muka tarar da mutumin yana ban ruwa, na tambaye shi labarin ɗana.

"Inna, ɗanki lafiya lau," in ji shi. "Dako yake a bakin teku. Shi ya koya mini yaren Italiya ma."

Na ce, "To faɗa mini yadda ya faɗa, ɗan nan."

Ya aje guga, ya shiga lanƙwasa yatsu. "Vado, ina tafiya. Vai, kana tafiya. Andai, na tafi. Andrò, zan tafi. Andrei, da na tafi." Wai duk kalma ɗaya ce, kama kawai take sakewa.

Ƙawata ta ce, "Wannan yare ai ko jakina ya fi shi tsayawa wuri ɗaya!"

Ni ban dara ba. Har ɗan jan numfashin da ɗana ke yi kafin magana, mutumin nan ya kwaikwayo. Ban taɓa taka makarantar lakwal ba, amma tatsuniyar da na ji sau ɗaya ba ta kuɓuce mini. Ya maimaita, na riƙe.

Sannan na ce, "Yaushe ya ce zai dawo?"

Ya juya ga jigonsa. "Bai yi zancen ba, Inna. Ya yi aure can."

Can muka kwana, da hantsi muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini, tsarabar da aka samu ita ake riƙewa, ko ba ita aka je nema ba. Yanzu in na zauna kaɗin zare sai in riƙa jera kalmomin nan, maƙwabta na raɗa wai iskokin Turawa sun hau ni. Su yi ta faɗa. Daga bakin ɗana suka fito.