Ranar da Kaka Ta Ɗinka Bai-bai

Mu biyar ne a tsakar gidanmu na Ƙofar Taramniya ranar nan: kakata da ɗinkinta, mahaifiyata tana tsintar shinkafa, gwaggo ƙanwar babana wadda ba ta zuwa sai da magana, yayata da ta dawo gida goyon ciki, sai ni. Shekaruna tara ko goma, ban sani ba, ba wanda ya rubuta.

A gidanmu duk jaririn da aka haifa, kan shimfiɗar da Kaka ta ɗinka ake fara kwantar da shi. Kada ki ɗauka irin ta ƙyallaye masu kusurwa huɗu ce da kowa ke iyawa. Ita murfin kwano take kifawa kan ragowar atamfa, ta zagaye da gawayi, ta yanka: wannan mai doro, wancan mai ciki. Haɗa su shi ne aikin. In kin ja, mai ciki ya saki. In kin sassauta, mai doro ya tattare. Daga tsakiya take kamawa, ta ɗan tsattsaga baki da almakashi, ta bi da babban yatsa har su kwanta.

Bazara ce, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Yayata ta kasa zama, ta kasa kwanciya, sai kai da kawowa take riƙe da ƙugu. Haihuwa yau ko gobe, shimfiɗa kuwa ko rabi ba ta kai ba.

Ni tun ina ƙarama kallo ne aikina. Na ga Kaka ta lashi zare, ta nufi kafar allura, ta wuce. Ta sake, ta wuce. Sai ta shiga yi wa kaji faɗa, kamar su suka hana ta. Na gani, amma ban gane ba. Da ta ɗaga ɗinkin sai bakina ya riga hankalina.

"Kaka, bai-bai kika ɗinka. Ga fuskar zanen a ƙasa."

Mahaifiyata ta daina tsinta. Gwaggo ta karɓi ɗinkin, ta juya shi.

"Inna, ba ɗaya ba ne, har uku. Ki bari a kai ma tela, keke ya gama shi nan take."

"Keke ya san doro da ciki?" in ji Kaka. "Tela ne ya ɗinka wadda aka kwantar da ke kika jiƙe ta?"

"Lokacin idonki na gani. Gobe da la'asar zan zo in ɗauka."

Kaka ta naɗe kayanta ta shige ɗaki, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba.

A bayan madafa mahaifiyata ta murɗe mini kunne. "Mi ya kai ki? Kowa ya daɗe da gani, ke kaɗai ke da baki? In aka karɓe allurar ga, mi ya rage mata a gidan nan?"

Yinin nan ban ci tuwon kirki ba. Na leƙa ɗakin Kaka ya fi a ƙirga, tana zaune da carbi, ba ta ko ja.

Yau ga ni na kai inda ta kai. Jikokina bargo suke sayowa cikin leda, ba mai jiran ɗinkin kowa. In ina tsintar shinkafa, ina lura da su ko suna lura da ni. Ba mai cewa komai. Ban sani ba, kara suke mini ko ba sa ma kallo, kuma wannan rashin sanin shi ke hana ni sukuni.

Washegarin ranar da Kaka ta shige ɗaki, bayan sallar asuba, da gari ya ɗan yi haske, na ɗauko kwandon ɗinkinta. Na warware ukun nan. Na haɗa kowane mai doro da mai cikinsa fuska da fuska, na kama tsakiyarsu da zare. Alluran da ke gidan duka na sa musu zare, na jera a gefen tabarma.

Kaka ta fito ta zauna, ta lalubi kayan da yatsa.

"Wa ya taɓa mini kwando?"

Ta zaro allura ɗaya, ta auna zaren da kamu.

"Ya yi tsawo, zai sarƙe. Matso nan ki rage."

Na matsa.