Kawu Lawali da Rumfar Malam Dauda

Duk wanda ya san Kawu Lawali a cikinku ya san ba ya zama ƙarƙashin abu sai ya kama shi ya girgiza. Rumfar kasuwar Barbès ta Paris, tantin biki, har inuwar tashar bas. "Aikin ragwaye!" in ji shi. Wai don ya yi baibayar ɗaki a Maradi yana saurayi, shi ke nan muka shiga uku.

Ina karatu a Lyon, a wurinsa na zauna, hawa na ƙarshe a wani dogon bene na unguwar Minguettes. Ƙasa da mu akwai wani tsoho Bayahude, David, Kawu ya mai da shi Malam Dauda ƙarfi da yaji. Rannan tsohon ya zo yana jin nauyi, ya ce idinsu na kaka, Sukkot, ya ƙarato. Mako guda suke cin abinci a rumfa, don tuna zaman kakanninsu a hamada bayan Annabi Musa ya fitar da su daga hannun Fir'auna. Sai dai dole rumfar ta kalli sama, barandarsa kuwa tamu ta rufe ta. Ko za mu ba shi aron tamu?

Kawu bai bari ya dire ba. "Rumfa? Ina raye?"

Ya baibaye ta da rassa tsaf, ko allura ba ta ratsawa. Malam Dauda ya ce a rage, sai ana hango taurari, ruwa ma ya samu hanya.

"Da gangan za ta yi yoyo?"

"Da gangan."

"Tabɗi! To kar ka gaya wa kowa ni na yi."

Wata shekara Kawu ya ga ƙaton lemun tsami a akwatin Malam Dauda, an naɗe shi kamar jariri, ya jawo wuƙa zai matsa a shayi. Ihun da tsohon ya kurma! Ashe shi suke riƙewa tare da ganyen dabino suna addu'a, ko ƙwarzane ba a so. Kawu ya ce, "Lemun da ba a sha? Allah ya ba ku haƙuri."

Sai shekarar da gari ya yi zafi, ana tsangwamar Yahudawa. Aka rubuta zagi a ƙofar Malam Dauda. Ya cire 'yar hularsa ta Yahudawa, ya daina fita ko sayen burodi, ya ce bana ba rumfa. Wallahi ni ma na tsorata. Na ce, "Kawu, a bari ta huce."

"Kai ka huce."

Ya ɗauko rassa a ka, tsakar rana, ni ina biye. A bakin bene wasu samari suka tare ƙofa, babbansu ya dafa dammin ya ce, na wa? Faransancin Kawu kun san shi, ba ya kai shi kasuwa ya dawo. Sai ya ɓalle da Hausa: na maƙwabcinsa ne, baranda kuma tasa ce shi Kawu, kuma wanda ya haifu ya taɓa ganye ɗaya! Ba wanda ya ji ko kalma, amma yana tafe yana faɗa, rassa na sharar fuskokinsu, har suka dare.

Muka haye matakala.

Ya gama rumfa, ya sauka ya dinga dukan ƙofar tsohon. "Malam Dauda, na ɓata sunana na yi mai yoyo, sannan ka ce ba ka zuwa?"

Ya zo. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya fashe da kuka. Washegari ya mai da hularsa, ya fita kasuwa da ƙafarsa, Kawu na gefensa yana mitar ba ya sauri.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya tsaya wa maƙwabcinsa ranar da kowa ya noƙe, har da ni, Allah ya tsaya masa, ya sanyaya makwancinsa. Amin.