Minti Bakwai da Lailatu ta Ɓatar

Idan ka bi layin masu gyaran waya a Kazaure, akwai wani ɗan shago mai labule kore, a nan Lailatu take haɗa bidiyon biki. Ita ce mai sa sunan amarya ya taso yana juyawa kamar fanka, ita ce kuma mai haɗa agogon nan da ke ƙirga kwanaki da baya har ranar ɗaurin aure. Ba a makaranta ta koya ba. Wata tsohuwar kwamfuta ta samu wajen ƙanwar babarta, ta dinga latse-latse tana ɓatawa tana gyarawa har hannunta ya faɗa. Mutanen ƙauyensu har yau ba su san me take yi ba, cewa suke tana aikin talabijin, ita kuwa ba ta taɓa musa musu ba.

Ƙauyen nasu yana gindin wani dogon dutse tsakanin Roni da Gwiwa, dutsen kuma ta yamma ya tokare su. Tun bayan la'asar rana take shigewa bayansa, don haka ba wanda yake ganin faɗuwarta da idonsa. Da azumi duk garin kunnensu yana kan mutum ɗaya, Malam Daudu ladan, mahaifin Lailatu. Shekara talatin da ɗaya yana duba agogon hannunsa yana kiran magariba, ba a taɓa cewa ya yi gaggawa ba.

Sai yanar ido ta kama shi. A hankali ta zo, har ya kai yana ganin haske da duhu da manyan abubuwa kawai. Daga matarsa Tasalla sai Lailatu suka sani. Hanyar masallaci a ƙafarsa take, muryar kowa kuma ya sani, saboda haka ya rufa wa kansa asiri. Bara Tasalla ce take leƙa agogo ta tafa masa ta katanga, to ita ma karatun agogon nata sai a hankali, kullum a tsorace suke shan ruwa.

Bana Lailatu ta ce ta samo dabara. Ta zauna a gaban kwamfuta ta haɗa masa agogo na bidiyo, baƙin fili da fararen lambobi, kowace lamba ta cika fuskar waya. Minti arba'in da biyu zai ƙirga da baya. Da rediyo ta ce ƙarfe shida, Tasalla za ta danna, shi kuma ya tafi da wayar ɗakin lasifika ya kara ta kusa da idonsa. Idan lambobin suka ƙare, fuskar wayar gaba ɗaya za ta koma fari fat, ko makaho zai ga alamar. Har sabis ta kashe wa wayar, don kada wani ya kira ya katse ƙirgar. Ranar da ta kai masa ya daɗe yana kallon lambobin suna saukowa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin ɗauke mini dutse daga ƙirji."

Ranar ɗaya ga azumi tana shago, shida ta wuce da minti goma, ta ce bari ta buɗe nata kwafin ta ga aikin hannunta. Yabon kai ne kawai ya kai ta, ba wani abu ba. Idonta ya sauka a ƙasan bidiyon inda ake rubuta tsawonsa. Minti talatin da biyar.

Ta murza ido ta sake dubawa. Talatin da biyar ɗin dai. Nan take ta gane abin da ta yi. Manhajar da hotuna take gina daƙiƙa, suna wucewa da sauri ɗaya bayan ɗaya. Ita ta saba da aikin biki, inda hoto ashirin da biyar ke yin daƙiƙa guda, a kan haka ta tsara sauyawar lambobin. Shafin da ta buɗe kuwa hoto talatin yake ci a daƙiƙa. Kowace daƙiƙar agogonta guntuwa ce. Lambobin za su nuna arba'in da biyu tsaf, amma za su ƙare saura minti bakwai rana ta faɗi.

Ta kira wayar gida, aka ce a kashe take. Da hannunta ta kashe ta, wa za ta zarga? Tana da lambar liman a waya. Ta nemo sunan, yatsanta yana kai, ta tsaya. Me za ta ce masa? A je a gaya wa ladan kada ya yarda da wayar da yake karawa a ido? Ai daga nan an gama tona wa tsohon asiri. Da ta kira da ya fi. Amma tsoro biyu ne suka haɗe mata, ta zaɓi ta yi tsere da rana.

Ko shagon ba ta kulle da kyau ba ta fito titi. Ɗan acaɓan da ta tare, Lauwali, ɗan wajen Roni ne, ya san garin.

"Malama, yanzu? An kusa shan ruwa fa."

"Don girman Allah ka ja mu tafi. Ko nawa ne."

Suka fita daga gari. Iska tana dukan fuskarta, bakinta ya bushe ƙamas, ba na ƙishirwa kaɗai ba. Lissafi take yi, kuma ba na mintoci ba. Tsohuwa Asma'u maƙwabciyarsu da ke azumi da ciwon ƙafa. Masu noman rani da suka wuni a rana. Mata masu shayarwa da suka ƙi ajiye azumin. Gida wajen ɗari biyu, kowa ya ƙona hanjinsa tun asuba, za su kai dabino baki saboda muryar babanta, babanta kuma saboda lambobinta. Ta tuna ranar ƙiyama da za a tsayar da ita a tambaye ta.

"Ƙara wuta, Lauwali."

"Malama, ramukan nan za su zubar da mu."

Suka bar kwalta suka hau burji. Akwai wani tudu kafin a gangara garin, daga kansa ana hango bayan dutsen. Suna kaiwa kan tudun lasifika ta yi ƙara, muryar Malam Daudu ta taso, a natse, ba gargada ko kaɗan. Lailatu ta juya yamma. Ga rana nan ja wur, ko gefenta bai taɓa ƙasa ba.

Lauwali ya taka birki ya sa hannu a aljihu ya ciro dabino. Ta riƙe masa hannun riga.

"Kada ka ci. Dubi can."

Ya duba, ya dubi garin, ya ce, "Innalillahi." Suka tsaya a kan tudun har ranar ta nutse. Kafin nan ta san an riga an ɗaga kofuna a kowane gida.

Da ya sauke ta a ƙofar gida ya yi ƙasa da murya. "Malama, ni ba ɗan garin nan ba ne. Ban ga komai ba." Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Ta zauna a zaure. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani. Za ta iya karɓar wayar ta gyara kafin gobe, a wuce wurin. Wannan tunanin ya fi gudun babur ɗin tsorata ta, don ta ji zuciyarta tana son karɓarsa.

Malam Daudu ya shigo bayan an idar da salla, fuskarsa a sake. Ya ji numfashinta.

"Wa ke nan? Lailatu? Yau ai na yi kira da kwanciyar hankali. Abin nan naki ya yi fari kamar madara."

Ta durƙusa. "Baba, ku gafarce ni. Agogon ya yi sauri. Na tsaya a tudu, kuna kira rana ba ta faɗi ba."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

"Da yawa?"

"Minti bakwai."

Ya dafa bango. Ta ga gemunsa yana motsi. Ta yi sauri ta ce, "Sai a ce agogon hannu ne ya tsaya, Baba. A rama azumin kawai, ba sai an faɗi sauran ba."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Daga waje ana jin ƙarar ludayi a kwanon kunu, mutane suna dariya a kan tabarmi a ƙofar masallaci.

"Na ɓata musu azumi, sannan in biya su da ƙarya?" Ya miƙo hannu cikin iska yana neman nata. "Kama ni. Ƙafafuna ba za su gane hanyar ba yau."

Ta riƙe shi suka fito. Dariyar ta mutu tabarma bayan tabarma, mutane suna kallon ladaninsu 'yarsa tana jan sa. A bakin ɗakin lasifika ta tsaya, ya lalubi maɓallin da kansa. Muryar da ta fita ita ce wadda suka sani.

"Jama'a, Daudu ne. Kowa ya rama azumin yau, na kira kafin lokaci. Ku nemi wani ladanin kafin gobe. Shekara biyu ke nan ba na gani."