Ni Na Ce Ɗana Ya Fara Shan Giya

Ban yi boko ba. Da baki na faɗa aka rubuta muku, kuma na ce kada a sassauta mini ko kalma ɗaya. A shekarun da nake magana, kafin rikicin ƙasar nan, ni ce babba a gidan hayar da muke zaune a unguwar Adjamé. Ina sayar da atamfa a ƙofar gida, babu mai shiga ko fita ban gan shi ba. Na san wadda ta yi yaji, na san ɗan wa ya fara zama a mashaya. Ana tsorona, ni kuma ina jin daɗin hakan.

Ɗana na fari yana aiki da wani Alhaji, shi ke karɓar masa kaya a tasha idan motocin arewa sun iso. Wata damina ɗan nawa ya kwanta da zazzaɓi da tari. Matarsa haifaffiyar nan ce, ta yi makaranta, ta ce a tafi asibiti. Na ce mata ba da Faransanci na raini 'ya'ya bakwai ba. Na sa aka kira wani mai allura da ke bi gida-gida da jaka, ana ce masa dokta, alhali ko shara ban san ya taɓa yi a asibiti ba. Safe da yamma yake tsira masa, sama da mako biyu. Da zazzaɓin ya sauka ma, ni na ce ya ƙara, don ciwon ya fita gaba ɗaya.

Ya tashi ya koma aiki. Da rana yana tafiya kamar kowa, amma da magariba ta rufa sai in hango shi daga bakin lungu yana tangaɗi, yana dafa bango. Rannan ya faɗa kwata a gaban masu dawowa daga masallaci. Matarsa ta ce mini idan yana tafiya komai rawa yake yi masa a ido, ko rubutun jikin mota ba ya iya karantawa. Na ce ai aikin giya ke nan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi in tambaye shi, sai na fake da wannan kunyar. Na ɗauki mayafi na tafi wurin Alhaji, na ce ya tsawata masa, ya fara sha. Alhaji ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce ni na haife shi. Kafin Juma'a ya karɓe makullin sito, kuma duk tasha ta ji cewa uwarsa ce ta faɗa da bakinta.

Ya zo ya durƙusa a gabana, ya ce Inna ta sansana bakinsa idan tana so. Na juya masa baya. Ya kwashe iyalinsa ya koma ɗaki ɗaya a wata unguwa da ake ce wa Biafra, can Treichville.

Matar tasa ce ta kai shi wurin likitan kunne, ita ce kuma ta zo ta ɗauke ni, wai likita na son ganin abin da aka yi masa allura da shi. Na kai kwalbar da ta rage. Likitan ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallona. Yana magana surukata tana mayar mini da Hausa. Ya ce can cikin kunne akwai wani abu da ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa, ta wata jijiya. Ita ma ƙwaƙwalwa tana mayar masa da saƙo, ta daidaita shi, ta kuma riƙe ido kada ya yi rawa. Allurar nan ta ƙone wurin a kunne biyun, kuma ba ya tohowa. Yanzu ƙwaƙwalwar da ido da tafin ƙafa take lalube, shi ya sa duhu na shigowa take rasa hanya. Na tambaya ko da a ce a kwana biyar aka tsayar da allurar da ya tsira. Surukata ta ƙi fassara mini amsar.

Na koma wurin Alhaji na ƙaryata kaina. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya riga ya sa wani. Na bi tasha rumfa-rumfa ina faɗa, ana gyaɗa mini kai, ana cewa ai uwa dole ta rufa asiri. Maganata ta farko aka riƙe. Mai allurar kuwa na tare shi a titi na zage shi tas, ya ce mini ni na ce ya ƙara.

Ɗana ya koyi tafiya a hankali, yana ɗinki yanzu. Ya ce ya yafe mini, ni ce ban yafe wa kaina ba. Shekaru na yi ina taƙama da idona, ashe gani kawai na iya, ban iya tambaya ba. 'Yan uwana mata, kada ku bar mai jaka ya taɓa muku jiki, komai arharsa. Wanda kuka ga yana tangaɗi, ku kama hannunsa ku kai shi asibiti kafin ku kai sunansa ko'ina. Har yau akwai masu cewa ɗana mashayi ne ya tuba, kuma idan aka tambaye su wa ya faɗa, ni suke nunawa.